Mai Kiwon Fara a Abbasiya

Duk wanda ya san Sagiru a unguwar Abbasiya ya san shi da abu biyu: yana kiwon fara a saman bene, kuma yana tsoron surukarsa. Na farkon shi ya zaɓar wa kansa. Na biyun kuwa da shi aka haife shi, don mutumin Gumel ne, a gidansu ko sunan suruka ba a kamawa.

Karatu ya kawo shi Alƙahira. Ya gama Azhar, maimakon ya tattara ya koma gida sai ya auri Malaz, Bahaushiyar Sudan, 'yar Sennar. Uwarta, Hajiya Bakhita, ta waya ta ba da auren, ba ta taɓa sa shi a ido ba sai da yaƙi ya tashe ta daga gidanta, ta iso Masar da jaka ɗaya da ciwon gwiwa. Suka ba ta ɗakin da ya fi iska. Ta huta gajiya, sannan ta tambayi 'yarta abin da kowace uwa ke tambaya.

“Shi mijin naki mene ne sana'arsa?”

Malaz ta ce, “Yana bincike ne, Yumma.”

“Binciken me? Wani abu ne ya ɓata?”

Dole aka faɗa mata gaskiya. Hajiya ta riƙe haɓa, ta dubi bango, don ba ta magana da suruki kai tsaye, bango take gaya wa shi kuma ya tsinta. Ta ce, “Ikon Allah. Fara dai Allah ke aiko ta, yara su kama. Ban taɓa jin namiji da gemunsa ya yi mata ɗaki yana kai mata kalaci ba. To wa zai ci?”

Malaz ta ce a hankali, “Kifi.”

“Kifi!”

Daga ranar sunansa ya zama mai ƙwari. “A tambayi mai ƙwari ko an kawo gas.” “A gaya wa mai ƙwari takalminsa ya tare hanya.” Alhali tana da wani surukin, Hamad, direba a Jidda, wanda in ya bugo waya muryarta har rawa take yi: ɗana Hamad, ɗana Hamad. Wannan kalma ita ke ci wa Sagiru tuwo a ƙwarya. Ba ya son motar Hamad, ba ya son Jiddarsa. So yake rana ɗaya tak tsohuwar nan ta buɗe baki ta ce masa ɗana, ko da bango za ta gaya wa.

Shi kuwa kiwon farar ba hauka ba ne, ko da ya yi kama. Wani taro ya taɓa shiga a tsangayar noma, don gaskiya an ce za a raba abinci, sai ya ji abin da ya tsaya masa a rai. Akwai wani kifi mai jan nama, salmon, da ake kiwo cikin teku a ƙasashen sanyi irin su Norway. Kifin nan ɗan gata ne, ba ya ƙoshi da dusa, sai an haɗa masa da ɗan'uwansa kifi. Don haka ake kwaso ƙananan kifaye daga gaɓar Afirka, waɗanda talaka ke sa wa miya, a niƙe su gari a kai masa. Yanzu an fara tsangwamar masu wannan harka, masu zuba jari sun fara jan ƙafa, ana neman abin da zai maye gurbi. Mai jawabin ya ce ƙwari. Sagiru ya ce a ransa, in dai ƙwari ne ai mun gaje su.

Ya roƙi mai gidan ya ba shi saman benen, ya haɗa kejuna da katako da gidan sauro, ya jera gwangwanaye cike da yashi don ƙwai. Kullum da sassafe yana kasuwar kayan miya yana kwasar ganyen latas da kabeji da 'yan kasuwa suka zubar. Fara ta ci ta yi ɓul-ɓul, ta hayayyafa, har in ka hau saman sai ka ji kamar ana yayyafi a kan kwano.

Ana nan sai wani abokinsa ya haɗa shi da Madam Reem, wakiliyar wata ƙungiyar masu zuba jari da ke da ofis a Zamalek, unguwar masu kuɗi. Sagiru ya goge jallabiyarsa mafi kyau, ya hau tasi don kada ya isa da gumin bas. Mace ce 'yar siririya mai tabarau, ba ta ɓata lokaci. Ta saurare shi, ta duba hotunan kejunan a wayarsa, ta ce, “Tamam. Amma ina da tambaya ɗaya, kuma a kanta komai ya rataya. Mun taɓa sa jari a wata masana'antar garin kifi a bakin teku. Komai ya tafi daidai har ranar da matan garin suka fito da tukwane babu komai ciki, aka ɗauke su hoto. Masu sayen kayanmu suka gudu, muka tafka asara. Tun daga nan ba ma taɓa abincin kifin da aka cire daga bakin mutum. Wannan farar taka, akwai mai cin ta?”

Sagiru ya haɗiye yawu. Shi da ya tashi da soyayyar fara a ƙofar makarantar firamare, shi da har yau in ya tuna ta da yaji sai bakinsa ya kawo ruwa, ya dubi matar nan ya ce, “Madam, Misirawa ba sa cin fara.”

Ai kuwa bai yi ƙarya ba. Sai dai gaskiyar tasa a ƙafa ɗaya take tsaye, kuma ya sani. Madam Reem ta ce za ta zo ƙarshen wata ta gani da idonta, in abin ya yi mata za su sa hannu a gwaji. Ya fito yana taka titin Zamalek kamar nasa, yana hango ranar da Malaz za ta ce wa uwarta ai Turawan Norway sun ɗauki mijinta aiki. A ga yadda bango zai karɓi wannan labari.

Sai fara ta fara raguwa.

Da farko ya zargi tsuntsaye, ya ƙara ɗaure gidan sauron. Ya zargi ɓera. Ya zargi kyanwar mai gadi, har ya daka mata tsawa a kan matattakala, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ran nan ya dawo daga kasuwa da hantsi, buhun ganye a kafaɗa, yana tura ƙofar saman sai ya ga abin da ya sa ya koma da baya ya laɓe a bayan tankin ruwa. Hajiya Bakhita ce. Hajiyar da ke sallah a kan kujera saboda gwiwa, ita ce ta hawo benen nan da ƙafarta, ta zura hannu cikin keji tana damƙo fara tana zubawa a rigar filo, da gwaninta irin ta wadda ta yi shekaru tana yi. Har wata 'yar waƙa take yi ƙasa-ƙasa.

Yanzu ya zai yi? Ya fito ya ce Hajiya ajiye? Wa ya isa! Ko tari bai iya yi ba. Ya tsuguna a bayan tanki da buhu a kai har ta gama ta ɗaure bakin rigar filon, ta sauka tana dafa bango tana salati.

Da azahar ƙamshi ya cika benen tun daga ƙasa. Ya ja Malaz gefe ya ce, “Don Allah ki yi wa Hajiya magana. Kayan aiki ne, ba na ci ba. Matar nan tana nan tafe.”

Malaz ta ce to. Yana jin ta daga ɗaki tana isar da saƙo: “Yumma, ya ce ki riƙa hawa a hankali saboda gwiwarki.”

Da ta dawo ya ce, “Haka na ce miki?”

Ta ce, “Sagiru, ka dube ta mana. Tun da ta zo ƙasar nan ka taɓa ganin ta cinye kwano? Ta ce waken Masar yana kumbura mata ciki, burodinsu kamar tabarma. Zanenta sau biyu take naɗa shi don rama. Yau har ƙari ta nema. Ni ba zan iya ba, in kai za ka iya ga ta can.”

Bai iya ba.

Abu kamar wasa, magana ta zaga. Fatna maƙwabciyarsu, ita ma gudun yaƙi ya kawo ta, ta leƙo wai ta zo aron gishiri, ta fita tana suɗe yatsu. Washegari ta dawo da ƙanwarta. Jibi sai ga wasu mata daga unguwar Hay el-Sabi', bas biyu suka hau don su gaida Hajiya da gwiwa. Hajiya ba ta sayarwa, sadaka take yi wa waɗanda aka baro a can, masu rai da marasa rai. Falon da a da ba ka jin komai sai labaran yaƙi a waya ya koma gidan hira, ana ɓantare ƙafar fara ana musu a kan ta Sennar da ta Gadarif wacce ta fi maiƙo. Har ɗaliban Azhar 'yan Kano suka jiyo, suka zo da hujjarsu a baki, wai ai kifi da fara an halatta su ko ba yanka, don haka zuwansu raya sunna ne. Sagiru ya ce a ransa, sunnar ba ta tashi rayuwa ba sai a kejina.

Da abin ya ishe shi ya je ya sayo kwaɗo, babba, mai makulli uku. Yana shigowa ya ajiye shi a kan tebur ya shiga alwala. Sai ya ji Hajiya tana gaya wa bango, “Na ga an sayo kwaɗo. Allah sarki. Mu ma a gidanmu akwai kwaɗo a kowace ƙofa, ban da ta rumbu, don mahaifin Malaz ya ce ba a kulle abinci. Da mayaƙa suka zo har ƙofofin suka ciccire.” Ta ci gaba da jan carbi. Sagiru ya fito ya ɗauki kwaɗonsa ya jefa a ƙasan akwati.

Dabara ɗaya ta rage masa. Ya roƙi Malaz, ranar da Madam Reem za ta zo, ta ɗauki Hajiya su tafi ziyara Hay el-Sabi' su wuni can, a buɗe tagogi ƙamshi ya fita. Malaz ta yi alkawari. Kuskurenta ɗaya, da Hajiya ta tambaye ta dalilin wannan ziyara ta dole, sai ta ce ai wata babbar baƙuwa ce za ta zo wurin Sagiru daga Zamalek.

Hajiya ta ajiye mayafin da ta ɗauka. “Baƙuwa za ta zo gidan 'yata, ni in fice? A ce ta zo ta tarar da gida ba kowa, ta tafi ko ruwa ba ta sha ba? Khalas, ba inda zan je. Kira min Fatna.”

Sagiru bai san wannan ba, yana bakin titi yana jiran tasi. Madam Reem ta iso a kan lokaci. Ya wuce da ita ta gaban ƙofarsu da sauri kamar mai tsallake kare, suka hau sama. Can kuwa komai ya tafi yadda yake so. Ta duba kejunan, ta tambayi zafin da suke buƙata, ta tambayi inda ganyen ke fitowa, da ya ce sharar kasuwa ce har ta yi murmushi. Ta ce babu ruwa mai yawa, babu gonar da aka ƙwace, babu jirgin kamun kifi, wannan shi ake nema. Ta lura farar wasu kejunan ta ragu, ya ce ai yanayi ne. Ta gyaɗa kai. Zuciyar Sagiru ta fara kiɗa.

Amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Suna saukowa suka tarar da ƙofar gidan a buɗe wangale, Hajiya Bakhita tsaye a bakinta cikin tobinta na fita kunya, lulluɓin nan na matan Sudan, ta sha turare, ta tare hanya. Ta kama hannun Madam Reem da hannu biyu tana yi mata marhaba da Larabcin Sudan, ta ja ta ciki. Babu yadda za a yi baƙo ya ƙi.

An shimfiɗa sabuwar darduma. Fatna da wasu mata suna zaune sun yi kwalliya. Ga shayi, ga dabino, ga kuma babban faranti a tsakiya, wanda ba a fito da shi sai da dalili, an tula masa fara soyayya ja-wur, an barbaɗa yaji, an jera yankan lemun tsami a gefe. Hajiya ta zaɓo manya-manyan, masu ƙwai, don baƙuwa ba a ba ta ƙananan.

Madam Reem ta tsaya. Ta dubi farantin, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta dubi Sagiru. Shi kuwa da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Matar ba muguwa ba ce, kuma aikin ya burge ta. Sai ta buɗe masa ƙofar fita. Ta ce da Larabci, a gaban kowa, “Ustaz Sagiru, wannan dai don nishaɗi aka yi, ko? Irin abin da tsofaffi ke yi don tuna da. Ba abinci ba ne na gaske. In haka ne, babu matsala a wurina.”

Duk suka zuba wa Sagiru ido. Kalma ɗaya ake nema daga bakinsa, e kawai, Norway ta buɗe. Ya saci kallon Hajiya. Tana tsaye da ƙaramin faranti a hannu, ta riga ta zuba wa baƙuwa, murmushinta ya tsaya a rabi, don ta ji abin da aka ce sarai. Matar da ta baro gidanta ba ƙofa, abin da ta samu ta karrama baƙo da shi ke nan a duk faɗin Masar. Kuma shi za a sa ya ce ba abinci ba ne. Wallahi sai ya ji tausayinta ya rufe shi har ya manta yana tsoronta.

Ya ce, “Abinci ne, Madam. Da shi aka raine ni. A garinmu har a buhu ake kai shi kasuwa. Na ce miki Misirawa ba sa ci, ban ce miki mu ba ma ci ba, kuma da gangan na tsaya a nan.”

Madam Reem ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, “Ma'alish, ka yi haƙuri. Ka san abin da zai faru in muka shigo? Yau kai kaɗai ne a saman bene. Gobe in kamfanoni suka gane kifi na cin wannan, har garinku za su je su saye buhunan. Na taɓa ganin tukwanen nan sau ɗaya, ba na son in sake gani.” Ta juya ga Hajiya, ta karɓi ƙaramin farantin don kada ta kunyata ta. Ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu kamar mai ɗaukar allura, ta rufe ido ta jefa a baki. Ta tauna. Ta buɗe ido. Ta ɗauki ta biyu ba wanda ya sa ta, ta matsa mata lemo. Da za ta tafi Fatna ta ƙulle mata wata a takarda, ba ta ce a'a ba. Amma hannu dai ba ta sa ba, kuma ba ta ce za ta dawo ba.

Bayan la'asar Sagiru ya hau sama ya zauna a kan bulo a gefen tanki. Farar da ta rage tana ta gurgurar latas, ba ruwanta da Norway. Baƙin ciki ya cika shi, ba zai ɓoye ba. Ya yi watanni yana kwasar shara a kasuwa don rana ɗaya, ranar ta zo ya rushe ta da bakinsa. Yanzu mai ƙwari zai zauna har abada, Hamad kuwa ya ci gaba da zama ɗa daga Jidda.

Sai ya ji takun da ya sani a matattakala, taku ɗaya, hutu, salati, taku ɗaya. Ya miƙe zumbur zai laɓe, ya ga babu amfani, an riga an gan shi. Hajiya ta fito tana haki, ba rigar filo a hannunta, kwano ne a rufe. Ta ajiye shi a kan bulon da ya tashi. Ya sunkuyar da kai yana jiran ya ji abin da za a gaya wa bango.

Ba ta dubi bango ba. Shi ta duba.

“Ɗana, tun safe ba ka ci komai ba.”

Sagiru ya dubi kwanon. Idonsa ya cika. Kunya ta kama shi, ga hawaye ga suruka, sai ya juya ya fuskanci tankin ruwa, ya ce wa tankin, “A gaya wa Hajiya an gode.”

Ta ce, “Tankin ya ji. Ka zauna ka ci tun da zafi, zan juya baya.” Ta juya ɗin kuwa, ta tsaya tana leƙen kejunan, hannu a ƙugu. Can ta ce, “Gobe in ka je kasuwa ka ƙaro latas, ɗana. Na wancan kejin sun rame, kuma ranar Juma'a muna da baƙi.”